Wayar Baffa Cikakkiya Ce

Daga Allah muke, kuma gare shi za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Baffana, wan mahaifina, ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Aliero, bayan jinyar wata huɗu. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Jama'a ta taru, ba laifi. Mahautan Jega sun ciko mota guda. Manoma sun zo daga Sabiyal da Jiga Birni, wasu da lakar fadama a ƙafa. Ni ina gefen tabarma ina karɓar gaisuwa, ina kuma kallon bakunan da ke yin ta.

"Ya hanƙuri, Malam? Allah shi jiƙanai."

"Aliero ta yi rashin hannu," in ji wani mai injin niƙa, har da girgiza kai. Shekara biyu ke nan mutumin nan yana ɗora injinsa a mota, ya wuce ta gaban rumfar Baffa ya kai Birnin Kebbi. Wani kuma ya share hawaye da bakin rawani, na san shi sarai, na san abin da ya faɗa a bainar jama'a lokacin da Baffa ke da kunnen ji. Na amsa musu duka da godiya, tun da haka aka koya mana.

Da aka sauke gawa gaban sahu, liman ya yi abin da aka saba, ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa. Sai surukina, mahaifin matata, wanda shi ne shugaban kwamitin ruwa na unguwarmu, ya ɗaga murya yadda na sahun baya za su ji.

"Mu dai mun yahe mai. Har zancen wayar famfo, duk mun yahe, duniya da lahira."

Aka yi ta cewa madalla, Alhaji, Allah shi saka. Ni kuwa na ji kamar an watsa mini barkono a ido. An yafe wa Baffa satar da bai yi ba, an binne shi da ita, kuma mutum ɗaya tak a wurin yake da hujjar wanke shi. Ni ne mutumin. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, ba don na iya rubutu ba.

Baffa mai naɗin kwayil ne. Idan injin lantarki ya ƙone, na niƙa ne ko na fanka ko na tura ruwa, shi ake kai wa ya kwance ƙonanniyar wayar jan ƙarfen da ke ciki ya naɗa sabuwa. Rumfarsa tana Jega, bayan layin masu walda. Fiye da shekara talatin yana tafiya da safe a babur yana dawowa da yamma. Bokonsa bai wuce firamare ba, sana'ar kuwa a Sakkwato ya koyo ta yana saurayi. Yakan ce garinmu an san shi da albasa da masu ɗori, su suna ɗora ƙashi, shi yana ɗora wuta.

Ba ya tambayarka abin da ya sami injinka. Buɗewa yake ya kai hanci ya shinshina, sannan ya yanke hukunci. "Wanga ruwa yas sha." Ko, "Wanga yunwar wuta ta kashe shi." Ko kuma ya ɗago ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Wanga ba shi da laihi, mai shi na azzalumi." Ba kowa ke son jin wannan a gaban mutane ba.

Masu rubutun ta'aziyya sukan wanke mamaci fiye da masu yi masa wanka. Ni ba zan yi haka ba. Baffa yana da zafin baki, kuma bai iya lallashi ba ko na sisin kwabo. Idan yana ƙirga zagayen waya ba ya amsa sallama, ko wane ne. Da ƙwallon dabino yake ƙirga, duk zagaye hamsin ya jefa ɗaya a gwangwani. Sai ya kai ƙarshe zai ɗago ya ce wa alaikumus salamu, ko da mai sallamar ya gaji ya tafi tuni. Na sha ganinsa yana amsa wa iska. Idan aka yi masa ƙorafi sai ya ce, "Sallama tana jira, ƙirga ba ta jira." Mutane da yawa sun ajiye masa wannan a ciki, suna kiransa girman kai.

Amma injin matan da ke markaɗe a cikin gidaje shi yake fara taɓawa, ko da na attajiri ya riga shi zuwa da kwana uku. "Wanga in ya kwana nan, gida goma ba su cin tuwo," haka yake cewa, attajirin kuwa ya sha ƙamshinsa ya gama.

Lokacin da nake kwalejin horon malamai, da gemuna da komai, akwai wani babi na lissafin wutar lantarki da ya kayar da ni sau biyu. Na zo hutu na zauna a rumfarsa da littafi ina tsaki. Ya ce in karanta masa. Na karanta ina fassarawa, yana naɗi bai ko dube ni ba, sai da ƙwallon ƙarshe ya faɗa gwangwani ya yi dariya.

"Wanga shi ak kashe ka? Abin da nika yi kullum kahin in karya kumallo?"

Ya ce wutar batir hanya ɗaya take miƙewa, amma wutar gari da ta janareta kai-komo take yi, sau hamsin a daƙiƙa guda. Abu biyu ke tare ta a cikin kwayil. Na farko ya kira shi taurin waya, shi kullum yana nan, ko wace irin wuta ce. Na biyu ya kira shi gardamar naɗi, ita kuwa ba ta tashi sai wuta tana kai-komo, kuma iya saurin kai-komon iya yawan gardamar. "Awa jaki na," in ji shi. "Bar shi shi miƙe, lahiya lau. Ce mai juya nan, juya can, ka ga hali."

Kuskurena shi ne ina haɗa su biyun kai tsaye, kamar mai haɗa buhunan albasa. Ya ɗauki sukundireba ya yi zane a ƙasa.

"Tashi nan ka yi gabas taku ukku. Karya ka yi arewa taku huɗu. Tsakaninka da inda kat taso, taku nawa?"

"Bakwai."

"Bakwai kat taka, malamin makaranta. Ni nisa nit tambaye ka. Auna."

Na auna, biyar. Ya ce to haka tauri da gardama suke, ba hanya ɗaya suke bi ba. Kowanne ka buga shi da kansa, ka haɗa, sannan ka nemo lambar da in an buga ta da kanta za ta ba ka wannan jimilla. Ita ce turjiyar kwayil gaba ɗaya. Ka raba ƙarfin wuta da ita, abin da ya fito shi ne yawan wutar da za ta bi ta cikin wayar. In ta fi ƙarfin wayar, sai ƙauri. Na koma na ci jarrabawa. Yau shekara da shekaru ina koyar da babin nan a wata sakandare a Maiyama, kuma da sunayen Baffa nake koyar da shi, tauri da gardama.

Mahaifina ya rasu kafin in yi aure, saboda haka Baffa ne ya je nema mini. A hanyarmu ta dawowa daga gaisuwar farko ya tsayar da babur gindin wata darbejiya ya yi mini huɗuba a kan surukina.

"Daga yau mutumin ga ubanka na. Ya ma hi uba, don uba ana yi mai gardama. Ba ka cin abinci gabanai, ba ka kiran sunanai, ba ka tsallake maganatai cikin mutane. Ka ji?"

Na ce na ji. Na kuwa riƙe, har riƙon ya yi yawa.

Unguwarmu tana da rijiya da tanki a sama, da injin lantarki mai tura ruwa daga ƙasa zuwa tankin. Wutar gari sai ta ga dama take zuwa, don haka da janareta ake tayar da shi. Da man gas ya yi tashin gwauron zabi, surukina ya ɗauki sifana da hannunsa ya sassauta gudun janaretan don ya rage shan mai. Bai ɓoye ba, alfahari ma yake yi da dabarar. Allurar da ke nuna ƙarfin wuta tana nan daram a kan ɗari biyu da arba'in, domin janaretan yana da wata na'ura da ke riƙe ta a wurin. Allura ta biyu, mai nuna saurin kai-komo, ta daɗe da mutuwa, ba wanda ya damu da ita.

Ba a yi wata biyu ba injin ruwa ya ƙone. Aka kai wa Baffa ya naɗa. Ya sake ƙonewa, ya sake naɗawa. Da ya kawo shi a karo na biyun bai tafi ba, ya tsaya aka tayar da janareta, ya karkata kai yana saurare.

"Janaretan ga ba shi waƙar hamsin," ya ce. "A maida shi yadda yake."

Surukina ya ce ga allura nan tana magana, shi ba ya aiki da waƙa. Suka rabu a haka. Baffa ya ja ni gefe ya ce in aro ma'auni a makarantarmu in gwada. Na aro na gwada da rana tsaka, ba kowa a wurin. Arba'in na samu maimakon hamsin.

Na zauna na buga lissafin a takarda da lambobin da Baffa ya ba ni. Taurin wayar bakwai. Gardamar naɗi a kan hamsin, ashirin da huɗu. Bakwai sau bakwai arba'in da tara, ashirin da huɗu sau kanta ɗari biyar da saba'in da shida, jimilla ɗari shida da ashirin da biyar, tushenta ashirin da biyar. Ɗari biyu da arba'in a raba da ashirin da biyar, goma saura kaɗan, daidai abin da wayar za ta ɗauka ta wuni tana aiki. A kan arba'in kuwa gardama ta sauko sha tara da 'yan kai, turjiya ta dawo ashirin da ɗan ɗori, wutar da ke bi ta haura sha biyu saura kaɗan. Zafi kuma ba bin wuta yake taku da taku ba, bugunta da kanta yake bi, don haka ya ƙaru da kusan rabi. Lissafin injin da ke cikin aiki ya fi wannan rassa, na sani, amma hanyar ke nan, kuma inda ta nufa ba ya canzawa. An rage wa wuta abin da ke tare ta, ta kwararo ta dafa wayar. Na ninke takardar na sa a aljihu.

Karo na uku da ya ƙone, unguwa ta yi kwana tara ba ruwa, a tsakiyar bazara. Mata suna bin 'yan garuwa, maza suna shan magana a gida. Aka kira taro a ƙofar masallaci bayan la'asar, aka aika Baffa ya zo.

Da mai iya magana ne, da ya fara da yabon kwamiti. Baffa kuwa ko zama bai gama yi ba ya ce, "Wanda yar rage gudun janareta shi yaƙ ƙone injin."

"Ni nir rage," in ji surukina. "Wuta ba ta ragu ba, kowa ya ga allura. Kuma jama'a ku raba mu. Dokin da ka sukuwa da dokin da ka tahiya sannu, wane ka zuhwa?"

Aka kwashe da dariya. Maganar ta shiga kunnen kowa, don ta yi kama da hankali: mai gudu ne ke zufa, ba mai tafiya sannu ba. Baffa ya ce wannan ba doki ba ne, ya tsuguna ya fara zanensa a ƙasa, gabas da arewa. Wani daga baya ya ce su ba bugun ƙasa suka zo kallo ba. Aka sake dariya. Sai mutumin nan mai share hawaye da rawani ya gyara murya.

"Ruwa dai ba shi tsami banza. Jan ƙarhe ya yi tsada yanzu. Waya tana cikin inji, wa yag gani ko zagaye nawa anka sa, nawa anka rage?"

 Ba wanda ya ce Baffa ɓarawo ne, ba kuma wanda ya ce a'a. Liman ya juyo wajena.

"Malam, kai kak karanci abin ga, kai ka koyar da shi. Mi kag gani?"

Takardar tana aljihuna, ina jin kaifin ninkinta a ƙirjina. In na ce Baffa ke da gaskiya, na ce wa surukina a gaban unguwa duka shi ya hana mutane ruwa kwana tara, shi da na yi shekara goma sha wani abu ban taɓa haɗa ido da shi ba. Gaba kura, baya sayaki. Na gaya wa kaina cewa in na yi shiru ban bi bayan kowa ba, daga baya a gyara a cikin gida. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Liman ya sake tambaya. Ban ɗago ba.

"To, mun ji," in ji liman.

Baffa ya miƙe, ya share zanensa da tafin ƙafa, ya kaɗe rigarsa. Bai dube ni ba. Na ji tashin babur ɗinsa har ya ɓace.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Kafin a gama shawarar inda za a kai injin, wasu masu taimako suka kafa wa unguwa sola da sabon famfo. Aka sayar da janareta, aka sayar da tsohon injin wa 'yan gwangwan. Ruwa ya dawo, kowa ya yi wanka, hujja kuma ta tafi a bayan a-kori-kura. Magana kuwa ba ta buƙatar mota. Kafin kasuwa biyu ta ci, ta isa Jega, ta isa Maiyama, ta shiga ƙauyuka: tsohon nan yana rage waya. Waɗanda ya ƙi amsa wa sallama shekara ashirin da suka wuce duk suka tuna.

Aiki ya janye kamar ruwan fadama. Matan markaɗe ne kawai ba su daina aiko masa ba. Wata rana na biya rumfar na tarar da abin da har yau ban manta ba. Wani saurayi ya kawo fanka, Baffa ya zaunar da shi a kan benci ya danƙa masa ƙwallayen dabinon.

"Riƙe. Ni ina naɗi ina ƙirga da ƙarhi, kai ka jehwa. Kar ka tahi ko'ina sai mun gama."

Saurayin yana ta cewa haba Baba, ai ba sai an yi haka ba. Baffa ya ce sai an yi. Mutumin da ba ya yarda ko sallama ta shiga tsakaninsa da ƙirgarsa, ga shi yana ƙirga da ƙarfi a gaban sa'an ɗan cikinsa don a shaide shi. Na yi sallama, ya katse ƙirgar ya amsa mini nan take. Ban taɓa jin amsar sallama mai ciwo irin wannan ba.

Za a ce me ya hana ni magana daga baya. Na tambayi kaina fiye da yadda kowa zai tambaye ni. Da farko na ce sai ƙura ta lafa. Da ta lafa na ce tayar da ita ba alheri. Kowane wata maganar tana ƙara nauyi, ni kuma ina ƙara samun dalili. Babban dalilin da na rataya a wuya shi ne surukina ya san gaskiya a ransa, girman kai ne ya hana shi faɗa, don haka nauyin a kansa yake. Shekara biyu ina durƙusawa ina gaishe shi da safe ina tsanarsa a zuci. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen nasa.

Baffa bai taɓa tayar mini da zancen ba. Ya zo sunan 'yata, ya yi mata addu'a, ya ci tuwo. Sai da ciwo ya kwantar da shi, wata rana da azahar ina zaune ina yi masa fifita, ya buɗe ido.

"Ka buga lissahin nan kuwa?"

Ban tambaye shi wanne ba. "Na buga, Baffa."

"Nawa kas samu bisa arba'in?"

"Sha biyu saura kaɗan."

"Bisa hamsin?"

"Goma saura kaɗan."

"Madalla," ya ce. "Ba ka haɗa su kai tsaye ba."

Na jira tambaya ta gaba. Na shirya mata, har na ƙagu ta zo, ko zagi ne in samu in sauke. Sai ya ce in miƙo masa kunu, ya sha kurɓi biyu ya juya ga bango. Bayan kwana goma sha ɗaya ya cika.

Ranar sadakar uku surukina ya aiko da buhun shinkafa. Inna, matar Baffa, tana cikin ɗaki a kan tabarmar takaba, amma abin da aka faɗa a wurin jana'iza ya riga ya iso mata ta bakin mata. Ta sa aka kira ni.

"Ɗauki buhun ga ka maida ma surukinka. Ka ce mun gode. Ka ce shinkahwar ta yi kyau da yawa, ba irin ta gidan ɓarayi ba ta."

Na ce Inna a yi haƙuri, a bari a aiki wani. Ta ce ni ta aika.

Na ɗaure buhun a bayan babur. Na tarar da shi shi kaɗai a zaure yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na sauke buhun, na faɗi rabin saƙon na haɗiye rabi. Ya ɓata fuska ya ce shi da ya yafe, me kuma ya rage. A nan ne abin da na danne shekara biyu ya ƙwace. Na ɗago na dube shi cikin ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa.

"Baba, Baffa bai rage waya ba. Rage gudun janareta shi yaƙ ƙone injin. Na auna da hannuna, na buga lissahi."

Na zana masa a ƙasan zauren da yatsa, gabas da arewa, hamsin da arba'in. Na zaci zai kore ni. Sai na ga ya ajiye carbi ya matso yana bin zanen da ido, yana tambaya, ina amsawa. Sau biyu ya sa na maimaita masa yadda gardama ke raguwa in gudu ya ragu. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Malam, tun yaushe kas san wanga?"

"Tun kahin taron."

"Ranar da liman yat tambaye ka, ka sani?"

"Takardar tana aljihuna."

Ya yi salati a hankali, ya riƙe kai da hannu biyu.

"Ni na ɗauka kunyar baffanka kaj ji. Ba ni ɗai ba, duk wanda az zaune wurin haka yaɗ ɗauka. Munka ce ga ɗan ƙanenai, ya karanta, in da tsohon na da gaskiya ai shi ka hwara tsaya mai. Munka ga ka sadda kai, munka ce to, yaro ba shi iya tona asirin uba. Bayan ka tashi liman yac ce a bar zancen haka, kar a ƙara kunyata ka. Har yabonka anka yi." Ya share fuska. "Kahin ka yi shiru, wallahi rabin mutane na tare da shi. Ni kaina ina shakka. Da ka ce ni na, da na ji zahi kwana biyu, in hau mota in tahi Jega in ba shi hanƙuri. Mi a ciki? Sihwana ɗai nij juya."

Ban san yadda na fito daga zauren ba. Shekara biyu ina cewa ban bi bayan kowa ba, ashe ni ne babban mai shaida a kan Baffa, kuma ban ko buɗe baki ba.

Surukina ya yi abin da ni na kasa. Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe a ƙofar masallaci ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ƙone injin, marigayi bai ci ko tsinken waya ba. Mutane suka ce Allah Sarki, wasu suka ce ai su dama ba su yarda ba, mai rawani ya ce shi tambaya kawai ya yi. Aka watse aka tafi cin abinci.

Na koma wajen Inna na gaya mata komai, har da abin da aka fahimta da shiruna. Ba ta yi mamaki ba.

"Shi ai ya sani tun ranar," ta ce. "Da yad dawo bai ci tuwo ba. Yac ce mani, yaron ga ya zaci surukinai yaka rufa ma asiri, bai san ni yab binne ba. Nic ce bari in kira shi in hwaɗa mai. Yac ce a'a, ni nik koya mai kunyar suruki, kuma aurenai ya hi rumhwata."

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Inna haƙurin da mu ba mu cancanta ta yi da mu ba. Duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa a Jega ko Aliero ko Maiyama, in ya taɓa jin an ce tsohon nan mai naɗi yana rage waya, to ya ji daga bakin wanda ya auna: bai rage ko zagaye ɗaya ba. An tambaye ni wannan yana zaune a gabana da ransa, sau biyu, sai yau nake amsawa.